Tsaftar Kicin Makaranta da Horar da Masu Girki: Matakai Bi da Bi

Shugabannin makarantu da masu kula da ciyar da ɗalibai sun sha yi mini tambaya iri ɗaya. Sun ji an ce a tsaftace kicin, a horar da masu girki, amma ta ina ake farawa, me ake saye, me ake koyarwa? Amsar ce na jero a nan, tun daga ɗaukar mai girki har yaro ya ajiye cokali.

Ku riƙe abu ɗaya kafin mu shiga. Abincin da ke kwantar da yara a asibiti yawanci ba ya wari, launinsa bai canja ba, ɗanɗanonsa kuma lafiya lau. Wanda ya yi tsami kowa ya san zubarwa ake yi. Abin tsoro shi ne wanda hanci da harshe suka ba shi shaidar kirki. Kuma a makaranta tukunya ɗaya ke ciyar da ɗaruruwa, kuskure ɗaya sai ya shiga ciki ɗari uku lokaci guda, cikin yaran da gudawar yini ɗaya ke iya zuƙe musu ruwan jiki. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kwanciya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su rasu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

1. A ɗora wa mutum ɗaya alhaki

Kafin a sayi ko sabulu, a fitar da mutum ɗaya da za a ce kicin na hannunsa. Kwamiti na da amfani wajen neman kuɗi da sa ido, amma ranar da aka yi ɓarna kowane ɗan kwamiti zai ce ya zaci wani ya duba. Wanda aka naɗa ya kasance yana wurin tun hura wuta, kuma a ba shi iko a rubuce: idan ya ce tukunyar nan ba za a raba ta ba, magana ta ƙare, ko shugaban makaranta ba ya tayar da ita.

A ba shi littafi mai kauri da biro ɗaure da igiya. Kowace rana shafi ɗaya: wa ya zo aiki, lafiyarsa ƙalau, me aka karɓa kuma daga hannun wa, ƙarfe nawa aka sauke kowace tukunya, zafinta nawa, ƙarfe nawa aka gama rabo, me ya rage, ya aka yi da shi.

Gargaɗi: littafin da aka zauna aka cike na mako guda a zama ɗaya gara babu shi, domin yana kwantar da hankali a kan ƙarya. Ana gane shi. Lambobi iri ɗaya daga sama har ƙasa, shafi fes, babu ɗigon mai ko ɗaya.

2. Kayan aiki, na farko kafin na biyu

Idan kuɗi bai kai a sayi komai ba, a bi wannan jeri.

Farko wurin wanke hannu na dabam, a bakin ƙofar shiga, wanda ba a wanke kwano ko ganye a cikinsa. Inda babu famfon bango, bokiti mai murfi da aka sa wa famfo ya isa, da sabulu da takardar goge hannu. Sai ma'aunin zafi mai tsinken ƙarfe da ake sokawa cikin abinci. Sai agogon bango inda kowa ke gani. Sai katakon yanka biyu da wuƙaƙensu, kowane da launinsa. Sai robobi masu murfi, da katakai na ɗora buhuna, da farantai masu faɗi marasa zurfi. Sai kwandon shara mai murfin da ake takawa da ƙafa. Sai rigar girki, da hula ko ɗankwali, da filasta mai launi mai ɗaukar ido, yadda idan ta faɗa abinci za a gan ta. Firij shi ne na ƙarshe, tare da ma'aunin sanyi a cikinsa.

Firij ne kaɗai mai cin kuɗi sosai a jerin nan. Sauran ƙananan kaya ne. Inda makarantu ke faɗuwa shi ne abin da ke ƙarewa: sabulu, bilic, takardar goge hannu, batirin ma'aunin zafi. Ana sayen su da zumuɗi a makon farko, zuwa tsakiyar zango sai a tarar da mazubin sabulu ya bushe ƙayau. A ware musu kaso a kasafin kowane zango, a sayo su gaba ɗaya, a sa su a sito.

Gargaɗi: inda wuta ba ta tsayawa, kada a dogara da firij. A tsara girkin yadda ba zai buƙace shi ba, wato a sayo mai lalacewa a ranar, a dafa, a raba, kada a kwanar da komai.

3. Lafiyar mai girki

Kafin a ɗauki kowa aiki ya je asibiti a duba shi, kuma ya faɗa wa likita idan ya taɓa yin taifot ko shawara. Wasu sukan warke daga taifot sarai amma su ci gaba da fitar da ƙwayar cutar a bayan gidansu tsawon lokaci, su kansu ba su sani ba. Gwaji ne ke nuna wannan.

Sai dai takardar asibiti labarin ranar da aka rubuta ta kawai take bayarwa. Abin da ya fi ta aiki shi ne tambayar kowace safiya a bakin ƙofa. Akwai gudawa? Amai? Zazzaɓi da ciwon maƙogwaro? Ido ya yi rawaya? A miƙo hannuwa a duba, ko akwai yanka, ko maruru, ko karkare. Mai gudawa ko amai ba ya shiga kicin har sai ya yi awa 48 cur bayan abin ya tsaya, ba daga ranar da ya fara ba. Mai shawara ko taifot sai likita ya sallame shi. Ƙaramin yanka marar mugunya a wanke, a rufe da filasta, a sa safar hannu a kai. Wanda ke fitar da mugunya kuwa, mai shi ya bar taɓa abinci har ya warke.

Yanzu ga maganar da na fi son masu biyan albashi su ji. Idan kuna yanke kuɗin ranar da mai girki ba ta zo ba, kun riga kun koya mata ta ɓoye gudawarta. Tana da 'ya'ya a gida, za ta haɗiyi magani ta ɗaura ɗamara ta zo, ku tambaye ta ta ce lafiya lau. Ba muguwa ba ce, tsarinku ne ya sa ta zaɓa tsakanin abincin 'ya'yanta da lafiyar na wasu. A biya ta kwanakin jinya, ko a mayar da ita shara a tsakar makaranta nesa da abinci, albashinta cif. A kuma tanadi mutum ɗaya da aka horar wanda za a kira ya maye gurbi. Kwana biyu na albashi bai kai kuɗin kai aji guda asibiti ba.

4. Wanke hannu

Kowa zai ce ya iya. Ku sa ido ku gani, yawanci jiƙa yatsu ne a yarfe a goge da gefen riga.

Ga yadda ake yi. A cire zobe da agogo da awarwaro. A jiƙa hannu da ruwa mai zuba, a sa sabulu, a cuɗa na daƙiƙa 20 aƙalla: tafi, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa da aka fi mantawa, ƙarƙashin farce, har wuyan hannu. A ɗauraye, a goge da takarda, a jefar da ita. Farce a yanke shi gajere, babu fenti a kai.

Lokutansa: da shigowa, bayan banɗaki, bayan taɓa ɗanyen nama ko kifi ko ƙwai, bayan fyace hanci ko sosa kai, bayan shara, bayan taɓa kuɗi ko waya, da kuma daf da rabon abinci.

Gargaɗi: roba ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki rarraba cuta take yi, haka ma tawul ɗaya da ya yini a rataye. Man goge hannu mai barasa ba ya maye gurbin sabulu a kicin, domin ba ya iya wa norobairos sosai, ita ce kuwa ƙwayar da ta fi saurin yaɗa amai da gudawa a wuraren cunkoso. Safar hannu ma haka. Wanda ya taɓa ɗanyar kaza da safa, ya juya ya yanka burodi da ita, daidai yake da wanda bai sa komai ba.

5. Karɓar kaya da sito

Mai kula da kicin ne ke karɓar kaya da kansa, da rana, yana buɗe buhu yana zira hannu har ƙasa. Hatsi ko gyaɗa mai fumfuna ko warin danshi a mayar wa mai shi. Gubar da fumfunar masara da gyaɗa ke haifarwa tana cin hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin murfi, kada ma a buɗe. A duba ranar ƙarewar wa'adi. Nama da kifi su zo da sanyinsu, ba tare da yauƙi ba.

A sito, buhuna su hau katako, tazarar santimita 15 daga ƙasa, a ɗan janye su daga bango yadda tsintsiya za ta wuce, a kuma ga kashin ɓera idan akwai. A rubuta ranar shigowa a jikin kowane buhu, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Abin da aka buɗe a juye shi a roba mai murfi.

Gargaɗi mai girma: maganin ƙwari, maganin ɓera, kananzir da bilic ba sa kwana ɗaki ɗaya da abinci, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar magani ba ta sake ɗaukar mai ko ruwa, ko sau nawa aka wanke ta. Ranar 16 ga Yuli, 2013, a wata firamare da ke jihar Bihar ta ƙasar Indiya, yara 23 suka rasu bayan cin abincin rana. Bincike ya gano maganin feshin gona mai suna monokurotofos a man girkin. Rahotannin lokacin sun ce mai girkin ta yi ƙorafi cewa man bai yi mata kama da na kullum ba, aka ce ta ci gaba da aikinta. Dalilin da ya sa na fara da batun iko ke nan. Mai girkin da ta ce wani abu bai kwanta mata ba, a tsaya a saurare ta.

Ruwan girki, da na wanke ganye, da na ƙanƙara, duk ya zama wanda za a iya sha. Idan ana shakka a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. A ajiye a mazubi mai murfi da famfo, kada a riƙa tsoma kofi.

6. Ɗanye gefe, dafaffe gefe

Katako ɗaya da wuƙarsa na ɗanyen nama da kifi ne kaɗai, ɗayan na ganye da 'ya'yan itace da duk abin da ba zai sake ganin wuta ba. Idan tebur ɗaya ne, a fara da ganye, a kwashe, sannan a kawo nama, a wanke teburin bayansa. A firij ɗanyen nama ya zauna a ƙasan ƙasa cikin roba mai murfi, don kada ruwansa ya ɗiga a kan dafaffe.

Daskararren nama a sauko da shi ƙasan firij tun jiya ko shekaranjiya ya narke a hankali. Wanda aka bari a kan tebur ya kwana, bayansa ya daɗe da ɗumi yana tara ƙwayoyi alhali cikinsa ƙanƙara ne.

Gargaɗi: wanke ɗanyar kaza a ƙarƙashin famfo ba ya cire ƙwayoyin cuta, fantsama su yake yi a kan kwanuka da riga da tebur. Wuta ce ke kashe su. Abin da za a ci ɗanye kuwa shi ya fi buƙatar kula, tunda babu wutar da za ta gyara kuskure. A 1996 a birnin Sakai na Japan, ƙwayar E. coli O157 ta kama ɗaliban firamare fiye da 6,000 ta hanyar abincin makaranta, yara uku suka rasu a lokacin, kuma ɗanyen tsiron iri da aka sa a abincin bincike ya fi zargi. Inda ruwa ke da shakka, shawarata a dafa ganyen, a ba da 'ya'yan itacen da ake ɓare wa bawo.

7. A dafa, a auna

An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma bai san zafin tsakiyar cinyar kaza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abinci ya kai digiri 70 a ma'aunin Celsius (°C), hukumomi da yawa suna cewa 75. Ku ɗauki 75.

A juya tukunya sosai, a soka tsinken a tsakiya ba tare da ya taɓa gindin tukunya ba, a jira lamba ta tsaya. Idan nama ne a zaɓi yanka mafi kauri, a kauce wa ƙashi. A auna wuri biyu, a rubuta wanda ya fi ƙanƙanta. A wanke tsinken a goge da ruwan bilic kafin a kai shi wata tukunya. Ƙwai ya dahu har gwaiduwa ta yi tauri. Madarar da ba a sarrafa ba a tafasa ta.

Sau ɗaya a wata, ko duk ranar da ma'aunin ya faɗi ƙasa, a gwada shi: a cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, a tsoma, ya nuna 0. Idan ya kauce da fiye da digiri ɗaya a gyara ko a canja.

Gargaɗi: ɗanɗana gishiri da ludayin girki ko a tafin hannu a daina. A ɗiba a ƙaramin kwano, a ɗanɗana da cokali na dabam.

8. Daga sauke tukunya zuwa bakin yaro

A nan aka fi yin asara, kuma a nan kicin da ke ƙyalli ma yakan faɗi.

Tsakanin digiri 5 da digiri 60 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, wasunsu suna ninka kansu duk minti 20. Ƙwaya ɗaya a awa huɗu ta haura 4,000, a awa bakwai ta haura miliyan biyu. Shi ya sa dokar take a taƙaice: mai zafi ya zauna sama da 60, mai sanyi ƙasa da 5, dafaffen abinci kuma kada ya wuce awa biyu a tsakani. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, a kicin kuwa mai rabon ƙwayar cuta ce.

Wani zai ce ai mun dafa, wuta ta kashe komai. Ba komai ba. Shinkafa tana zuwa da wata ƙwaya, Bacillus cereus, wadda ke shiga ɓawo ta tsira daga tafasa. Idan shinkafar ta jima a ɗumi-ɗumi sai ta farka ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya kashe ta. Cikin 'yan awoyi yara su fara amai. Babbar tukunyar nama da romo tana da tata, Clostridium perfringens, wadda ke son tsakiyar tukunya inda babu iska kuma zafi ke sauka a hankali. Tukunya mai zurfi na iya kwana, samanta ya yi sanyi, cikinta da ɗumi har safe.

Don haka a lissafa girki daga lokacin cin abinci a komo baya. Idan ƙarfe 12 ake ci, a sauke wajen 11 da rabi. Na taɓa shiga wani kicin makaranta da hantsi na tarar an gama komai tun asuba, an jera manyan tukwane a rufe ana jiran tsakar rana. Wurin a share yake tas, matan sanye da fararen riguna, kuma da alfahari suka nuna mini ƙwazonsu. Da muka soka ma'auni a shinkafar ta riga ta sauka ƙasa da 60, ga sauran awoyi kafin a ci. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa sammakon nan nasu shi ne haɗarin. Abin da aka gyara kawai lokacin hura wuta ne.

Idan ana kai abinci daga wani wuri, a ɗauraye kula da tafasasshen ruwa kafin a zuba, a cika ta, a rufe, a auna da isowa. Wanda ya iso ƙasa da 60 kuma ba a san tsawon lokacin da ya yi a haka ba, ba a raba shi.

Abin da ya rage a tukunya, idan akwai firij mai aiki, a baza shi a farantai marasa zurfi, kaurinsa kada ya wuce santimita 5, a ɗora a kan ruwan ƙanƙara, ya shiga firij cikin awa biyu, shinkafa ma cikin awa ɗaya. Washegari a ɗumama sau ɗaya tak har ya kai 75. Babu firij, a zubar.

Gargaɗi: kada a juye ragowar jiya cikin sabuwar tukunya, kuma kada a ba yara ko ma'aikata su tafi da shi gida. Na san zubar da abinci na da ciwo a zuciya. Maganinsa a ƙirga yara da safe a auna girki daidai da su.

9. Rabo

Yara su wanke hannu da sabulu kafin su shiga layi, malami na tsaye. Mai rabo ya yi amfani da ludayi ko cokali, kowace tukunya da nata, murfi na komawa tsakanin aji da aji saboda ƙuda. Babban mutum ya ɗanɗana kafin a fara. Wannan na iya kama warin magani ko ɗacin mai, amma ba ya kama ƙwayar cuta, don haka bai ɗauke wa ma'aunin zafi aikinsa ba.

Tun ranar ɗaukar ɗalibi a tambayi iyaye ko akwai abincin da jikinsa ba ya ɗauka. Waɗanda aka fi sani su ne gyaɗa, madara, ƙwai, kifi, jatan lande, alkama, waken soya da riɗi. A manna sunayen yaran a kicin, a dafa nasu a tukunya dabam da ludayi dabam. Tsame gyaɗa daga kwano bai isa ba, ɗan ɓurɓushi ma na iya tayar da abin. Yaron da leɓensa ya kumbura, jikinsa ya feso, numfashi ya fara sarƙewa, allurar adirenalin yake buƙata da asibiti nan take.

Inda akwai firiza, a ɗebi samfurin kowane abinci a rufe a rubuta rana. Ƙa'idar makarantun Japan ita ce kimanin giram 50 na kowane abu, a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, na mako biyu. Ranar da wani abu ya faru, samfurin nan ne zai nuna gaskiya.

10. Wanke-wanke

A kankare, a wanke da ruwan sabulu, a ɗauraye, a tsoma a ruwan bilic na minti ɗaya aƙalla, a kife ya bushe da kansa. Bilic ba ya aiki a kan maiƙo, shi ya sa sabulu ke riga shi.

A duba jikin kwalba. Idan ƙarfinsa kashi 5 cikin ɗari ne, mililita 40 a lita 10 na ruwa ya isa ga kwanuka da tebura. A auna da sirinji marar allura, kada a kwarara da ka. A sayi marar turare, a haɗa sabo kullum. Inda wani ya yi amai, haɗin ya fi ƙarfi, mililita 20 a kowace lita ɗaya, a bar shi minti biyar zuwa goma, a zubar da duk abincin da ke buɗe a kusa.

Gargaɗi: ba a gauraya bilic da wani sinadarin wanki, yana iya tayar da iska mai shaƙe numfashi. Tsumman goge tebur a tafasa shi kullum a shanya, soso a riƙa canja shi. Katakon da ya tsattsage ya gama aiki.

11. Yadda ake horon kansa

Kuskuren da aka saba shi ne a tara mata a aji, wani ya yi musu lacca ta awa uku, a raba satifiket, a ɗauki hoto. Washegari kicin na nan yadda yake. A yi horon a cikin kicin ɗin, da tukwanensu, da harshen da suke ji, awa ɗaya zuwa biyu a rana na kwana uku, kafin a dawo daga hutu. Kowa ya shiga, har mai wanke kwanuka, mai sito, mai ɗebo ruwa da direban da ke kawo abinci.

Ranar farko hannu da lafiya. A shafa wa mutum ɗaya ɗan mai a tafi, a barbaɗa garin alli mai launi, ya gaisa da biyu, ya ɗauki ludayi, ya buɗe murfi. Bayan minti biyar kowa ya duba inda launin ya kai. Sannan wata ta wanke da ruwa zalla, wata da sabulu, a gwada. Gani ya kori ji.

Rana ta biyu zafi da lokaci. A ajiye ƙwayar wake ɗaya a faranti, a ce minti 20 ya wuce a mayar da ita biyu, sai huɗu, sai takwas. Da an kai awa uku sun zama 512, masu ƙirga sun gaji. Daga nan kowa ya riƙe ma'aunin zafi da hannunsa ya auna tukunya ta gaske, ya rubuta a littafi. Wadda ba ta karatu a yi mata alama: a zana 75 da 60 da manyan lambobi a bango ta riƙa gwadawa.

Rana ta uku sito, raba ɗanye da dafaffe, haɗa bilic, da abin da za a yi idan yaro ya kamu.

Jarrabawa ta zama ta aiki. Ba a tambayar an gane, domin kowa zai ce ya gane. A ce, “Inna, don Allah nuna mana yadda za ki auna tukunyar nan.” Yawancin masu girkin nan sun girmi mai horar da su, sun shekara suna ciyar da jama'a. Wanda ya shigo musu da raini za su ce masa to, su ci gaba da yadda suka saba. A fara da tambayar yadda suke yi, a yaba abin da ke daidai, a faɗi dalilin kowane gyara, kuma gyaran mutum a keɓe ake yi, ba gaban ɗalibai ba.

Sabon ma'aikaci ba ya taɓa abinci sai ya bi ta matakan nan, ko da a tsakiyar zango ya zo. A maimaita horon a farkon kowane zango, kuma sau ɗaya a mako shugaban makaranta ya leƙo ba tare da sanarwa ba, ya duba sabulu, ya duba littafi, ya soka ma'auni da kansa. Inda doka ta wajabta takardar shaidar horo daga hukumar lafiya, a nema, a haɗa da wannan.

12. Idan yara sun fara amai

Yara biyu ko fiye da ciwo iri ɗaya bayan abinci ɗaya, a ɗauka daga kicin ne har sai an tabbatar ba haka ba. A dakatar da rabo. Kada a zubar da ragowar, kada a wanke tukwane, a rufe a ajiye tare da samfuri. A fara ba masu gudawa ruwan gishiri da sukari na asibiti kaɗan-kaɗan, a kai su wurin likita, kada malami ya raba maganin tsayar da gudawa ko na kashe ƙwayoyin cuta da kansa. Jini a bayan gida, ko yaro ya langaɓe ya kasa sha, wannan na gaggawa ne. Dalalar yawu, gumi, karkarwar tsoka da ƙanƙancewar ƙwayar ido jim kaɗan bayan cin abinci alamun maganin ƙwari ne. Kada a sa yaron ya yi amai da gangan, a ruga asibiti da shi tare da jarkar da ake zargi.

A sanar da hukumar lafiya da iyaye a ranar, kada a ɓoye don tsoron sunan makaranta, domin wasu yaran a gida ciwon zai same su cikin dare. A rubuta sunan kowane yaro, abin da ya ci, da lokacin da ciwo ya fara masa. Gubar shinkafa takan nuna cikin awoyi kaɗan, ta tukunyar nama tsakanin awa 6 zuwa 24, wata ƙwayar kuwa mai suna salmonela tana iya ɗaukar kwanaki. Saboda haka idan jami'an lafiya sun zo, a buɗe musu shafukan littafin na kwanakin baya duka, ba na ranar kaɗai ba.